Kwamfuta Talatin a Cikin Kwali

Sallama gare ku, masu bibiyata. Tun da na fara ba ku labarin nan, saƙon da ya fi cika min waya shi ne na masu cewa na cika raini. Wata 'yar'uwa daga Wudil har cewa ta yi, "Adawiyya, mijin da kike yi wa wannan kallon, wata da azumi take roƙon irinsa." To 'yar'uwa, Allah ya karɓi azuminki. Amma ki daure ki karanta na yau tukunna, in kin gama kika ji har yanzu kina so, sai na ba ki lambarsa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Adawiyya, 'yar Malam Kabo manomin gyaɗa a Ajingi. Shekarata ashirin da shida, kuma ni ce malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata ta wata ƙungiyar ci gaban yankinmu. Ƙungiyar tana da makarantu uku, ɗaya a nan Ajingi, ɗaya a Gafasa, ɗaya a Kademi. Ofishinta yana Gaya, shugabanta Alhaji Barau. Ɗansa Ja'afar shi ne mai nemana, wata goma sha biyar ke nan.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Ja'afar yana da kyau. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ba ya saka shadda sau biyu a mako, turarensa kan riga shi shiga zaure ya kuma daɗe bayan ya tafi. Injiniya ake ce masa, ko da yake har yau ban samu wanda ya gaya min injin da ya taɓa kwancewa ba. In ya zo zance, ba ya ajiye mota a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu inda akwai inuwa, sai ya kai ta tsakiyar layi inda kowa zai ratse ya gani.

Bara wata gidauniya da ke Kano ta ba makarantarmu kwamfuta talatin. Sharaɗinsu biyu ne. Na farko, a rubuta musu tsarin yadda za a yi amfani da su. Na biyu, bayan shekara za su turo a duba a auna ko yara sun amfana. In sun gamsu za su kafa mana sola su kuma kai wa Gafasa da Kademi nasu. In ba su gamsu ba, suna da ikon kwashe kayansu.

Ni na rubuta tsarin. Mako uku na yi a kansa, ina dawowa daga makaranta na baje takardu a tabarma, Umma tana matsar man gyaɗa a gefe tana cewa na bi a hankali kada na ɗiga mata tawada a tunkuza. Na lissafa ɗalibanmu, ɗari uku da sittin. Na san ba mu da wuta, sai na ce a fara da kwamfuta goma a kan ƙaramin janaretan makaranta, awa biyu a rana. Na raba kowane aji rukuni-rukuni, mutum shida-shida. Na sa 'yan ajin ƙarshe a gaba, don su ne za su je Kano su zauna jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta. Na rubuta yadda za a gwada su duk ƙarshen zango: ta iya kunnawa, ta iya rubuta sunanta, ta iya zaɓar amsa ta wuce tambaya ta gaba ba tare da an riƙe mata hannu ba.

A lokacin soyayya tana ɗanya, sai na tura wa Ja'afar ta wasap don ya ga irin ƙoƙarina. Ya turo min hoton zuciya guda uku ya ce, "Gimbiya, kanki yana ja." Bayan mako biyu sai ga tsarin nan nawa ya dawo makaranta an buga shi a takarda mai sheƙi, an yi masa bango, a bangon kuma hoton Ja'afar ne ya riƙe haɓa yana kallon sama, an rubuta Injiniya Ja'afar Barau, Shugaban Kwamitin Fasaha. Ko wani kuskuren rubutu da na yi a shafi na huɗu bai gyara ba. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce ai ni da shi duk ɗaya ne, abin mace na mijinta ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na haɗiye wannan, na ce in dai yara za su samu, sunan ba komai ba ne. Sai dai kwamfutocin suna zuwa aka jera su a ɗakin da aka yi wa sabon fenti, a cikin kwalayensu, Ja'afar ya garƙame da kwaɗo ya jefa mukulli a aljihu ya koma Gaya. Ya ce ba za a buɗe ba sai an yi bikin ƙaddamarwa da manyan baƙi. Aka sa rana, babban baƙo ya tafi Umara. Aka sake sawa, damina ta ɓata hanya. Aka sake sawa, aka ce a bari a gama biki a gidansu. Shekara ta zagayo a haka.

Ni kuwa da me nake koyarwa? Da tsohuwar laftof ɗina tun ta kwaleji, wadda nake kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa kowace safiya, batirinta ba ya wuce minti arba'in. Sauran kuma kwali ne. Na sa kowace yarinya ta samo kwalin taliya ko na sabulu, muka zana madannai a kai harafi bayan harafi, suke ɗora yatsu suna bugawa ina kiran kalmomi. In ka wuce ta tagar ajina sai ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Ta tagar ɗaya ɗakin kuwa yaran kan leƙa su ƙirga kwalaye talatin, su dawo.

Ranar Lahadin da ta wuce na dawo daga islamiyya na tarar da Gwaggo Hanatu a tsakar gida. Yayar Baba ce, a Gaya take aure, kuma ita ta haɗa ni da Ja'afar, don haka duk abin da ya shafe shi ji take kamar gonarta ce. Ta sha leshi ruwan goro da gwaggwaro kamar za ta gidan suna, ta baje a kujerar roba tana fifita da murfin kwano saboda zafin bazara. Ban gama gaishe ta ba ta fara. Wai Hajiyar Ja'afar ta kira ta, wai kawunnansa suna shirin zuwa maganar sa rana, wai an riga an yi odar gado daga Kano. Sannan ta sassauta murya ta ce akwai ɗan aikin da yaron nan yake so na taya shi a makaranta, kada na ba ta kunya.

Umma tana gefe tana murza ƙuli-ƙuli, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke dai ki bi a sannu. Sa'anninki duk suna da 'ya'ya bibbiyu. Ba kullum ake samun ɗan gidan mutunci ya tako har Ajingi ba."

Na ce to. A gidanmu "to" ita ce ƙofar da mutum yake fita ta cikinta.

Bayan la'asar Ja'afar ya zo. Farar shadda, hula zanna ruwan toka, agogo mai nauyi da yake yawan gyara wa zama don a lura da shi. Na fito da atamfa shuɗiya da hijabi na yau da kullum, ko hoda ban shafa ba, na kai masa ruwan randa a kofin silba don na san ya fi son na roba mai sanyi. Ya ajiye wata jaka a kan tabarma ya zaro babban littafin rajista sabo fil, da wata takarda mai shafi uku.

Ya ce ranar Alhamis mai duba aikin za ta zo daga gidauniyar. Abin da yake so ƙanƙani ne. Na cike rajistar nan da kwanan wata tun daga farkon shekara, na nuna kowane aji yana shiga ɗakin kwamfuta sau uku a mako. Na canza biro lokaci-lokaci don kada tawada ta zama iri ɗaya. Na zaɓo yara goma masu kai na koya musu abin da za su ce. Sannan na sa hannu a rahoton da ya riga ya rubuta, inda aka ce kashi tamanin da biyar cikin ɗari na ɗalibai sun ƙware.

Na ce, "Tamanin da biyar? A ina ka auna su?"

Ya ce, "Gimbiya, ba ki san aikin manya ba. In ka rubuta ɗari ba za su yarda ba, in ka rubuta hamsin za su ce ka gaza. Tamanin da biyar shi ne daidai."

"Yaran ko maus ba su taɓa riƙewa ba, Ja'afar."

"To wa ya ce za a tambaye su? Waɗannan masu dubawar hoto suke so da kaza. Ki duba fa, in muka wuce za a kawo sola. Don yaranki nake yi."

Nan ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ina juya maganar bayan ya tafi. In na faɗi gaskiya, suna iya kwashe kayan gaba ɗaya, yarana su rasa har kwalayen da suke leƙawa. In na yi ƙarya, za a ƙaro wasu talatin-talatin a kai Gafasa da Kademi, a kulle, mukulli ya zama uku a aljihu ɗaya. Na yanke a raina ba zan cike rajista ba, ba zan sa hannu ba, amma kuma ba zan ce uffan ba. A bar kaza cikin gashinta. Na ɗauka wannan dabara ce. Yanzu na san tsoro ne na ɗaura wa ɗankwali.

Kwana ukun da suka biyo baya wayata ba ta huta ba. "Gimbiya an fara rajistar?" "Gimbiya kin ga saƙona?" "Na ga kina onlayin." Daga baya sai hoton gadon da aka yi oda, mai madubi da fitilu a jikin allon kai. Na amsa masa da, "Allah ya sa albarka." Ya turo, "Rajistar fa?" Na kashe data.

Ranar Laraba aka buɗe ɗakin karo na farko. Ja'afar ya zo da ma'aikata biyu daga Gaya da janareta na haya mai girman akwatin lefe. Aka farke kwalaye, aka jera kwamfutoci a kan tebura. Wayoyin haɗawa ba su isa ba, sai ya ce a haɗa layin gaba guda goma kawai, sauran ashirin a jera allunansu a tura wayoyin ƙarƙashin tebur yadda ba za a gane ba. Aka rataya ƙyalle mai faɗin bango da hotonsa da na mahaifinsa. Shugaban makarantarmu, Malam Bala, dattijo ne mai gudun rigima wanda saura shekara biyu ya ajiye aiki, yana tsaye yana ta "madalla, madalla" kamar wanda aka biya ya faɗa. Na roƙi Ja'afar ya bar ni na shigo da 'yan ajin ƙarshe ko na awa ɗaya su taɓa. Ya ce a'a, za su sa wa kayan datti kafin baƙi su gani.

Da ya ga rajistar babu komai a ciki, bai yi faɗa ba. Ya kalle ni ya yi murmushi ya ce ba komai, ya ba wani a ofis ya cike wata. Sa hannun kawai ya rage, zan yi a gaban baƙuwa don ya fi armashi.

Alhamis da hantsi aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo kulolin shinkafa da kaji. Ja'afar ya sha babbar riga ruwan sararin samaniya mai aikin hannu har ciki. Yara goma da Malam Bala ya zaɓa, tunda ni na ƙi, aka zaunar da su a layin gaba aka ce su ɗora hannu a madannai su yi murmushi.

Mai duba aikin ta iso a wata ƙaramar mota, ita da direba kawai. Hajiya Sadiyya sunanta, za ta kai shekara hamsin, gajera, da tabarau da hijabi ruwan ƙasa da takalmi shimfiɗaɗɗe. Ta gaisa da kowa a mutunce, ta ce a yi mata afuwa ba za ta zauna a rumfa ba don tana da wata makarantar a gaba, a kai ta ɗakin kawai. Jawabin shafi biyar da Ja'afar ya kwana biyu yana haddacewa ya mutu a aljihunsa.

Ta shiga ta tsaya tana kallo. Ta shafa allon wata kwamfuta ta ɓare ledar da ke manne a jiki, wadda aka manta ba a cire ba, ta ninke ta a hankali ta ajiye a tebur. Ta buɗe rajistar tana juya shafuka. Ta tambayi Malam Bala ko makarantar tana buɗewa ranar Sallah, don ta ga aji biyu sun yi darasi ranar. Malam Bala ya ce madalla, sannan ya gane ba wurin faɗarta ba ne, ya yi tari.

Sai ta ce wa yaran goma su tashi, Allah ya yi musu albarka. Ta karɓi jerin sunayen 'yan ajin ƙarshe ta sa yatsa a kan suna ɗaya ba tare da ta duba ba. Khaula Bashir.

Gabana ya faɗi, amma na ji sanyi kuma. Khaula ita ce ta ɗaya a ajin. Daga wani ƙauye a hanyar Gafasa take takowa kullum, burinta ta karanci aikin jinya, kuma kwalinta har ya huje a wurin wasu haruffa saboda bugu. Ta shigo da hijabinta fari da ya sha wanki har ya koma ruwan madara, ta zauna a bakin kujera. Hajiya ta buɗe mata shafin rubutu ta ce ta rubuta sunanta da na garinsu da abin da take so ta zama.

Khaula ta ɗora yatsu goma. Ba ta kalli madannan ba ko sau ɗaya. Cikin ƙiftawar ido layi uku suka fito a allo, babu kuskure. Ta tsaya tana kallon sunanta a rubuce, bakinta a ɗan buɗe, don a laftof ɗina sau biyu kacal layi ya taɓa zuwa kanta a shekara guda. Hajiya ta gyara tabarau ta ce, "Masha Allah. To yanzu ɗauki maus ki rufe shafin."

Khaula ta kalle ni. Laftof ɗina ba ta da maus, da yatsa ake shafa ta. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi daga kan tebur gaba ɗaya, ta ɗaga shi sama ta nuna wa allon tana dannawa, yadda ake yi wa talabijin da rimot. Ta danna, ta sake dannawa.

Ja'afar ne ya fara dariya. Ya juya wajen Hajiya yana gyara hannun riga ya ce, "Hajiya sai haƙuri. Kin san yaran ƙauye, kansu kamar dutse. Shekara guda muna fama da su a ɗakin nan, kullum sai an maimaita. Wannan ma tana cikin kashi sha biyar ɗin da suka kasa."

Khaula ta ajiye maus ɗin a hankali kamar ƙwai. Ba ta yi kuka da sauti ba, hawayen ne kawai suka sauko suka ɗiga a kan madannan, ta sa gefen hijabi tana gogewa da sauri don kada a ce ta ɓata kayan.

'Yan'uwa, na sha jin haushin Ja'afar, amma ranar ce na fara jin ƙyamarsa. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfutar ba sai da ma'aikaci ya nuna masa jiya, shi ne yake kiran Khaula dutse. Na dube shi daga hula har takalmi, na ga babu komai a cikin rigar nan sai turare.

Ya miƙo min rahoton da biro ya ce malama za ta sa hannu. Na karɓi biron na rufe shi na ajiye a kan takardar.

Na ce, "Hajiya, yarinyar nan yau ta fara ganin maus a rayuwarta. Jiya aka fito da kwamfutocin nan daga kwali. Ashirin na baya ma ba a haɗe suke ba. Rajistar nan ba rubutuna ba ne."

Ja'afar ya ce, "Adawiyya," a hankali, irin kiran da ake yi wa yaro a gaban baƙi. Ban kalle shi ba. Na aika aka ɗebo kwalayen yara daga aji, aka zube su a gaban Hajiya, guda sittin, kowanne da sunan mai shi. Ta ɗauki na Khaula ta leƙa ta hujin da yatsa ya yi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko tsarin mai bango ta buɗe ta ce, "Injiniya, a nan ka ce a raba yara shida-shida. Me ya sa shida, ba biyar ko takwas ba?"

Ya ce ai bincike ne ya nuna, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ta ce wane bincike. Ya ce zai turo mata. Sai ta juyo gare ni. Na ce aji mutum sittin ne, kwamfutar da janaretanmu zai iya ɗauka goma ce, in an raba shida ke nan a kan kowace, kuma a darasin awa ɗaya kowace yarinya za ta samu minti goma da hannunta. Ta rubuta wani abu a littafinta. Ba ta tambayi wanda ya rubuta tsarin ba. Ba ta buƙata.

Kafin ta shiga mota ta kira ni gefe. Ta ce ba za ta yi min alkawarin komai ba, abin da ta gani za ta rubuta, kuma akwai waɗanda za su ce a kwashe kayan. Amma za ta nemi a ba mu mako shida, da sharaɗin mukulli ya dawo hannun malamar da ke koyarwa, ta kuma dawo ba tare da sanarwa ba ta gwada yaran da kanta. Ta ce, "In na dawo, ke nake so na tarar a ɗakin nan." Na ce in sha Allah. Kajin nan ko kallonsu ba ta yi ba.

Ja'afar bai yi min sallama ba. Ya sa aka kashe janareta, aka naɗe ƙyallen hotonsa, ya figi mota. Mukullin dai ya bar shi a jikin kwaɗo, ko mantuwa ce ko kunya, ban sani ba. Na zare na ɗaure a bakin ɗankwalina. Na ce wa Khaula gobe ita za ta fara zama, ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

Ina haɗa jakata Malam Bala ya aiko kirana. Na same shi a ofis yana share gumi, ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan ya miƙo min da hannu biyu, yana cewa shi ɗan aike ne, an ce ya ba ni bayan baƙi sun tafi. Na buɗe. Takardar canjin wurin aiki ce daga ofishin ƙungiya, da sa hannun Alhaji Barau. An mayar da ni makarantar Kademi daga ranar Litinin mai zuwa, inda babu ko kwamfuta ɗaya, na koyar da lissafi.

Na ce a raina, har ya rama da wuri haka? Sai idona ya kai kan kwanan watan. Ranar Litinin da ta wuce aka sa mata hannu. Kwana uku kafin zuwan Hajiya, washegarin ranar da ya zauna a zaurenmu yana ce min Gimbiya. Ashe ko na sa hannu ko ban sa ba, an riga an gama da ni. So yake na sa hannu a ƙaryar, sannan a ɗauke ni daga wurin, don kada a samu mai tona ta daga baya.

A cikin adaidaita na ji wayata ta yi ƙara. Shi ne. "Kin kunyata ni a gaban mutane amma na yafe miki don ke mace ce. Takardar nan kalma ɗaya zan yi wa Alhaji ya yaga ta. Ki kira matar nan ki ce ruɗewa kika yi. Kawunnaina suna nan zuwa ranar Asabar. Ki yi tunani, Gimbiya."

Labari ya riga ni isa gida. Gwaggo Hanatu ta taso tun daga Gaya, mayafinta a kafaɗa, tana tsaye a tsakar gida tana faɗa wa Umma cewa na zubar mata da mutunci, na yi wa arziki ƙafar ungulu, boko ya buɗe min ido har na fi ƙarfin kowa. Umma tana zaune a bakin murhu ta yi tagumi, da ta gan ni sai ta kau da kai. Wannan ya fi min maganar Gwaggo ciwo.

Baba yana gindin rumbu yana ɓarar irin gyaɗar da zai shuka in ruwa ya sauka. Mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba, kuma tunda aka fara zancen Ja'afar bai taɓa cewa e ko a'a ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce me ke hannuna. Na ce takarda ce. Ya ce na karanta masa, na fassara. Na karanta. Ya ce na maimaita ranar da aka rubuta ta. Na maimaita. Ya ce yaron nan ranar Lahadi ya zo gidan nan ko? Na ce e. Sannan na karanta masa saƙon wayar ma, ban rage ko harafi ba.

Gwaggo ta ce, "Kabo, kada ka biye wa yarinya. Mutanen nan jibi za su zo, me zan ce musu?"

Baba ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa har sai da ya gama wadda ke hannunsa. Ya kakkaɓe ɓawon daga cinyarsa, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ki ce musu su zo, Yaya. Amma ba na son wakilai. Ki gaya wa Alhaji Barau ya tako da ƙafarsa, ya zo da ɗansa, ya kuma zo da biron da ya sa hannu a takardar nan."